Sallar da Ke Ƙarƙashin Kirsimeti

Ranar Larabar da aka tashi da azumi, Hafiza ta je ƙaramin asibitin unguwarsu a Anka don a gaya mata yadda za ta riƙa shan maganin hawan jini, tunda yanzu babu ci babu sha da rana. Nas ɗin da ta tarar ita ce Alice, wadda kowa ke kira Maman Queen, mutuniyar Kudancin Kaduna da ta daɗe a garin har 'ya'yanta suka fi ta iya Zamfarci. Tana cikin ɗaura wa Hafiza abin awon jini a damtse, sai Hafiza ta hango baƙi-baƙi a goshinta.

"Maman Queen, kin shahi gawayi ga goshi," ta ce, ta ɗago bakin mayafinta za ta goge mata.

Alice ta kauce tana dariya. "Bar shi, toka ce. Daga coci nake. Mu ma yau muka ɗauki namu azumin."

"Yau ɗin nan? Tare da mu?"

"Tare da ku. Mijina ya ce rabon da a ga irin haka tun ba mu zo garin nan ba."

Hafiza ta dubi bango. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Hakanan anka yi shekarar da layya ta haɗu da Kirsimetinku. Wani mai bidiyo yaz zaka garinmu, Kirista, dogo, da na'ura bisa kahwaɗa kamar ya saɓo ɗan akuya."

"Wane gari?"

"Tungar Guru."

"Ai mijina ne," in ji Alice. "Lokacin duk ƙasar nan babu wani Kirista mai bidiyo sai Timothy. Kaset-kaset ɗinsa ma suna nan sun cinye mini ɗaki guda, ya hana a zubar."

Sai da Alice ta kwance abin awon ta sake ɗaurawa, don abin da ya nuna mata bai yi kama da na mutumin da ke zaune lafiya a kan benci ba.

Bari in faɗi abin da ke cin Hafiza, don ita ba za ta faɗa da bakinta ba. Ɗanta na fari, Sahabi, yana cikin yaran da gubar dalma ta kwashe a Tungar Guru, shekarar da maza ke kawo duwatsun zinariya gida ana dakawa a tsakar gida. Bai cika shekara biyar ba. Bayansa ta raini 'ya'ya mata biyu, mijinta ya rasu, hare-hare suka yi yawa ta kwaso yaran ta dawo Anka, tana soya awara a ƙofar gidan haya. Duk wannan ta ɗauka, kamar yadda matan ƙasarmu ke ɗaukar abin da ya fi ƙarfin jaki ba wanda ya ji bakinsu. Abin da ta kasa ɗauka shi ne fuskar yaron ta ɓace mata. Tana tuna ƙafafunsa, tana tuna wani ɗan tabo a bayan kunnensa, tana tuna yadda yake jan hanci. Amma in ta rufe ido ta ce bari ta haɗa fuskar, sai ta ƙannensa ta fito.

Kuma ba tsufa ne ya jawo ba. Ɗan fari ne, ita kuwa a lokacin yarinya ce mai kunya, har kwatance ake yi da ita a garin. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, kamar yadda aka saba. In ya shigo tsakar gida, Hafiza takan sunkuyar da kai ga abin da take yi, ta saci kallonsa ta wutsiyar ido, tana ce wa ranta akwai lokaci. Zai girma, a daina sa mata ido, ta kalle shi son ranta. Ni ban ce al'adar banza ce ba, uwata ma haka ta yi wa yayanmu, kuma ya tashi mutum. Sai dai wanda ya kafa ta bai san za a yi dalma ba.

Hoto kuwa, wa ke ɗaukar yaro hoto a ƙauye a lokacin? Yanzu ne kowace uwa ke da hotunan ɗanta maƙil a waya, har da wanda yake kuka da majina.

Washegari da hantsi Hafiza ta yi sallama a gidan Alice, ta raɗa mata abin da ya kawo ta. Timothy ya fito yana jan ƙafa, dogon nan ya ranƙwafa, kai ya yi fari fat. Mutum ne da in ka taɓo masa zancen kallo to ka nemi wurin zama. Kafin Hafiza ta gama gaisuwa ya kai ta zamanin majigi, lokacin da yake yaro yana bin motar da ke haska farin ƙyalle a filin makaranta. Daga nan ya shiga zamanin sinima a Gusau, inda ya yi aikin juya fim har aka rufe gidajen. Sai ya sayi kyamara ya dawo Anka, yana bin biki da suna da saukar karatu da dambe da taron coci. Sai faifai ya zo ya kashe kaset, waya ta zo ta kashe faifai, ta haɗa da shi ta kashe. Yanzu cajin waya yake yi a bakin kasuwa, yana yi wa abin da ya kashe shi hidima. Hafiza ta zauna a bakin tabarma tana cewa "hakanan na, Baba," zuciyarta kuwa tana ɗakin kaset.

Alice ce ta katse shi. "Baban Queen, baiwar Allah nan ba tarihi ta zo ji ba. Sallar Tungar Guru take nema. Akwai ɗanta a ciki, ya rasu."

Timothy ya cire tabarau. "Allah ya ji ƙansa. Mene ne sunansa?"

Hafiza ta dubi ƙasa. "Na hwarin na, Baba."

Ya gane, bai sake tambaya ba. Ya daɗe a cikinmu.

"Na tuna zuwana garin," ya ce. "Samarin garin ne suka ɗauke ni, an yi dambe da kalangu. Na ba su kwafinsu. Yana ina?"

"Maza sun kalle shi shagon kallo har yal lalace. Mu mata ba mu zuwa can. Daga baya shagon ma an ƙone shi."

"To saura uwar kaset, wadda na ɗauka da ita." Ya shafa kai. "Amma akwai magana, 'yata. Shekara biyu a jere layya ta zo kusa da Kirsimeti. Ta farko, mun yi Kirsimeti sannan kuka yi layya, dab da sabuwar shekara. Ta biyu, ku kuka riga mu. Lokacin kaset ya yi wuya, 'yan kasuwa duk sun koma faifai. In na ɗauki biki na kwafa wa masu shi, sai in sake ɗaukar wani a kan uwar. Abin da ya zo daga baya shi ke hawa kan na farko. In shekarar farko ce, sallarku tana sama, babu abin da ya taɓa ta. In ta biyu ce, Kirsimeti ya hau kanta. Wacce ce a ciki?"

Hafiza ba ta san shekarun Bature ba, kuma ba ta taɓa bukatarsu ba. Ta runtse ido tana lalube. Yaron ya fara gudu, an yaye shi, an ɗinka masa riga shuɗiya. Sai wani abu ya faɗo mata, ta faɗe shi da murna, tana ganin taimako ta yi.

"Na tuna, Baba. Surukina ya ba ka cinyar rago. Kac ce za ka kai ma iyali su soya su aje, ku yi Kirsimeti da ita."

Timothy ya dubi matarsa. Alice ta kawar da kai ta ce a hankali, "Na tuna naman."

Hafiza ta dubi wannan ta dubi wancan, sannan lissafin ya iso mata. Ta gyara mayafi ta fara neman takalmanta.

"Tsaya," in ji Timothy. Ya shiga ɗakin, aka jiyo shi yana ture kwalaye yana tari. Ya daɗe kafin ya fito da kaset ɗaya baƙi, ya hure ƙurar kansa, ya ɗaga shi wajen haske. "Wasan yara ne na coci na ɗauka a kai. Kaset ɗin dogo ne, wasan yara kuwa ba ya daɗewa, don yara ba su da haƙuri. In Allah ya yarda akwai sauran sallarku a wutsiya. Ban yi miki alkawari ba. Ban san abin da ya rage ba, ko akwai shi ko babu."

"Ko ƙyallin ido na, Baba, ina so," ta ce.

Sai kuma matsalar abin kunnawa. Na Timothy ya mutu tun tuni, ɓeraye sun yi gida a ciki. Aka tambaya a Anka, masu gyaran waya suka riƙa juya kaset ɗin a hannu suna tambayar ta ina ake sa masa caji. Timothy ya ce mutum ɗaya ya sani da har yanzu yake da bidiyo mai rai, wani tsohon abokinsa Makau, mai gyaran rediyo a Gummi. Ya buga masa waya, Makau ya ce su zo, amma su zo da rana su koma da rana.

Hanyar Anka zuwa Gummi ba ta da nisa a ƙafar mota, a zuciya ne take da nisa. Ba a fita da sassafe, ba a yin yamma, direbobi kan jira juna su tafi a jere. Alice ta ɗauki hutu ta ce ba za ta bar Hafiza ta tafi ita kaɗai da tsohon da zai kashe ta da surutu ba. Suka zauna a baya su biyu, Timothy a gaba da kaset a cikin leda, ya rungume shi a ƙirji. Da suka shiga ƙasar Bukkuyum motar ta yi tsit. Gonaki ne hagu da dama, wasu an girbe, wasu karan bara na tsaye ba wanda ya je yankewa. Wajen Zugu suka ga mutane da kaya a kan babura, tabarmi da tukwane da yara a tsakiya, ba ka sanin masu komawa ne ko masu gudu. Da aka zo mararrabar da ke shiga wajen garinsu, Hafiza ta sunkuya tana gyaran ɗaurin takalmin da ba shi da maɗauri.

Alice tana da gorar ruwa a jaka, don irin azuminsu bai hana ta kurɓa ba, amma ba ta fito da ita ba. Timothy ne ya kasa jure shirun. Ya waiwayo ya ce, "Ni abin da na lura, watanku gudu yake yi, namu kuma rarrafe. Sai naku ya zagayo ya same mu, a gaisa, ya wuce. Lokacin can bikinmu ya tarar, kowa na yanka. Bana kuma azumi ya tarar, kowa na jin yunwa. Wanda zai ga zagayowa ta gaba, ba ni ba ne."

"Allah shi ba da tsawon rai, Baba," in ji Hafiza. Ita ma ba ta sa kanta a lissafin ba.

Shagon Makau yana wani lungu a bayan kasuwar Gummi, cike da gawarwakin rediyo har rufi. Gajere ne mai gemu, da tabarau ɗaure da zare. Yana ganin Timothy ya ce, "Kai, dogo, ashe ba ka mutu ba? An ce min waya ta bizne ka."

"Kai ma ai a maƙabarta kake zaune," in ji Timothy, yana nuna rediyoyin.

Suka tafa, suka yi dariyar tsofaffi mai ƙarewa da tari. Da Makau ya ji abin da ya kawo su, sai ya bar wasa. Ya buɗe murfin kaset ɗin, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Ya yi hunhuna. Sai an goge."

Ya zauna da auduga yana jan zaren kaset ɗin kaɗan-kaɗan yana shafewa, yana naɗewa da yatsa. Hafiza ba ta ɗauke ido daga hannunsa ba. Ita dai gani take ɗanta ake ja ta tsakanin yatsun nan. Da ya gama ya jawo wata talabijin mai ƙusumbi, ya jona, ya fita ya ta da janareta.

"Ku ji sharaɗi," ya ce da ya dawo. "Kaset ɗinga tsoho na, ba a gudu da shi. In anka matsa mai shi tsinke, kuma in yat tsinke ban da yadda zan yi. Sai a bar shi shi tahi da ƙahwa tai, tun daga hwari har inda Allah yak kai shi."

Haka aka yi Hafiza, da azumi a bakinta, ta zauna a kan kwandon lemo da aka kifa, ta kalli wasan Kirsimeti tun daga farko.

Hoton yana rawa, launinsa ya koɗe, amma ana gani. Coci ne cike da mutane har taga, mata da ɗaurin ɗankwali kamar za su tashi sama. Yara sun yafa zannuwan iyayensu sun zama makiyaya, an ba su sanduna da ɗan rago na gaske wanda ya ƙi tafiya sai da aka ɗauke shi. Wata 'yar ƙarama ta fito da fukafukan kwali, ɗaya ya karkace, ta manta abin da za ta faɗa ta tsaya tana cizon yatsa.

"Queen ce," in ji Alice. Ta yi 'yar dariya. Queen tana Kaduna yanzu da 'ya'yanta, ta daina zuwa gida saboda hanya. Alice ta shiga nuna mutane da baki. Waɗannan sun koma Jos. Wancan iyalin sun sayar da gida sun tafi. Wancan mai buga ganga, Malam Ezra, malamin makaranta ne, an tare motarsu wata shekara, har yau ba labari. Cocin da ke cikin akwatin nan ya fi wanda suke zuwa yanzu mutane nesa ba kusa ba.

Sai aka nuno wata yarinya da farin mayafi, zaune a kan ciyawa, rungume da 'yar tsana. Makau ya gane abin da ake kwaikwaya, ya ce bari ya duba man janareta, ya fita. Yarinyar ta duƙar da kai tana kallon abin da ke hannunta, tana shafa masa kumatu, jama'a na waƙa.

"Nana Maryama ta?" in ji Hafiza.

"Ita ce."

"Shi kau ɗan hwarinta na?"

"Na fari ne."

"Kuma tana kallo nai hakanga, gaban mutane?"

Alice ta ce, "Haka ake yi a wasan."

Hafiza ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da kallo har aka gama waƙoƙi, aka yi addu'a, aka fara raba wa yara shinkafa a faranti. Kowane faranti da aka miƙa, ita ta san wani yanki ne na sallarsu ke ƙarƙashinsa. Wani dattijo ya tashi yin godiya, ya gode wa masu dafa abinci, ya gode wa masu shara, ya gode wa wanda ya ba da aron rago. Ban taɓa jin mutumin da aka ƙi jininsa a banza kamar dattijon nan ba, shi kuwa ya daɗe da rasuwa bai sani ba. Timothy yana leƙen tagar bidiyon yana ganin yadda zaren ke ƙarewa a gefe ɗaya, gumi na bin wuyansa.

Dattijon yana tsakiyar wata godiyar hoton ya yanke. Allon ya cika da tsaki-tsaki, ƙara ta tashi shuu. Makau ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Alice ta ɗaga wayarta ta saita talabijin ɗin.

Kalangu ne ya fara fitowa kafin hoto. Sannan fili ya bayyana, rana ta yi sanyi, ƙura na tashi, mutane sun yi da'ira. 'Yan dambe biyu suna zagaya juna da naɗaɗɗun hannuwa. Hafiza ta sauko daga kan kwandon ta durƙusa a gaban akwatin. Ga kukar bakin kasuwarsu. Ga surukinta da babbar riga, yana raye, yana tauna goro. Ga mijinta a cikin samari, siriri, yana ihu yana ɗaga hula. Yara suna ta gilmawa a guje ta gaban kyamara, ba a kama fuskar kowa. Ta san iyayen da yawa daga cikinsu, ta san kuma inda aka kai yaran shekara biyu bayan wannan rana.

Kyamarar ta juya a hankali ta bar 'yan damben, ta nufi gindin wata bishiya inda mata suka tsaya. Atamfofi sababbi, lalle, 'yan kunne. Ga kakar yaron. Ga matan gidansu. A ƙarshen layin ga wata yarinya doguwa da mayafi ruwan goro, tana leƙen dambe ta bayan kafaɗar wata.

"Ke ce," in ji Alice.

Daga ƙasan allon sai wani ɗan yaro ya shigo da gudu, ya ba kyamara baya. Riga shuɗiya ce a jikinsa, ta yi masa yawa, hula ta zamo ta rufe masa ƙeya. Gudunsa na masu sabon koyo ne, ƙafa a warwatse. Ya wuce kakarsa, ya wuce sauran matan, ya je ya cafke zanen yarinyar mai mayafi ruwan goro da hannu biyu. Ya ɗaga kai yana kallonta, ya miƙa hannuwa a ɗauke shi.

Matan suka fashe da dariya. Aka jiyo muryar wata sama da kalangu tana cewa, "Hafiza, ga mutuminki, ɗauke shi a yi muku hoto." Wata ta nuna mata mai bidiyo. Yarinyar ta ga kyamara na kallonta, ga uwar miji a gefe. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sa hannu ɗaya a kafaɗar yaron ta ture shi. Ba da ƙarfi ba, irin turewar da kowace mai kunya ke yi, wadda ake yaba wa mace a kanta. Yaron ya yi taga-taga ya fara juyowa, har gefen kunnensa ya fito, sai ya fice ta gefen allo.

Kyamarar ba ta bi shi ba. Ta tsaya a kan yarinyar, ta ma matso kusa, don kyakkyawa ce kuma kunyar ta yi mata kyau, kowane mai ɗaukar biki haka zai yi. Fuskarta ta cika allon, idanu da kwalli, haƙora farare, tana dariya tana ɓoyewa. Ta daɗe a haka. Sannan bidiyon ya yi ƙara ƙas, allon ya koma shuɗi.

Janareta kaɗai ke magana a waje. Makau ya danna, kaset ya fito, ya duba ya ce a hankali, "Iyakarsa ke nan."

Timothy ya share fuska da tafin hannu. "'Yata, da na san..." Bai ƙarasa ba, kuma gara da bai ƙarasa ba.

Hafiza tana nan durƙushe. Ba ta yi kuka ba. Ta zo neman fuska, ta ratso hanyar da mutane ke tsoro da ƙishirwa a maƙogwaro, kuma an ba ta fuska, cikakkiya, a fili, babu abin da ya kare ta. Baƙin cikin da ya sauko mata ya fi na ranar da aka ɗauki yaron a tabarma, don a ranar tana da wanda za ta ce shi ya yi.

"Malam, a maido shi baya," ta ce.

"Inna, in na maido shi yana iya tsinkewa."

"Ba sai an wahalar da kaset ba," in ji Alice. "Na ɗauka a waya." Ta durƙusa kusa da ita, ta nemo wurin, ta sa mata wayar a hannu.

Hafiza ta riƙe ta da hannu biyu, kusa da fuska. Kalangu ya sake tashi, ƙarami yanzu. Yaron ya shigo da gudu, ya kama zane, aka ture shi, ya fice. Da ya fice sai ta karkata wayar gefe, ta leƙa ta inda ya bi. Ta san ba haka abin yake ba, ba yarinya ba ce, hannunta ne ya yi da kansa. Babu komai a wurin sai bakin waya da yatsanta.

Makau ya leƙa waje ya dubi rana, ya ce wa Timothy in za su koma yau to su tashi, motocin ƙarshe sun kusa fita. Timothy ya miƙe yana mayar da kaset a leda. Alice ta taɓa kafaɗar Hafiza.

"Ƙaƙa aka maido shi?" in ji Hafiza.

Alice ta nuna mata inda ake dannawa. Ta danna da kanta. Yaron ya shigo, ya wuce kakarsa, ya kama zanen, ya miƙa hannuwa. Matan suka fara dariya. Hafiza ta matso da bakinta dab da wayar, ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ake yi wa ƙanwa faɗa a cikin mutane.

"Ke, ɗauke shi. Waɗanga da kike jin kunya duk sun mutu. Ɗauke shi ki dibe shi."

Yarinyar ta ja mayafi tana dariya, ta sa hannu ta ture shi.